Kwana uku a Barlin, da allon da muke wucewa ba mu duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga Jamus. Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekara talatin da ɗoriya riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Ina karanta labaran tafiye-tafiye da kuke bugawa, ina kuma jin daɗinsu, amma na lura duk wanda ya leƙa wani babban birnin Turai ya dawo, tsarabarsa ba ta wuce uku: titi fes, kantuna maƙil da kaya, sai hotonsa a gaban wani dogon gini. Ban ce ƙarya suke yi ba. Abin da ke damuna shi ne akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a waɗannan birane, muna bi ta gabansa da ledar sayayya a hannu ko waiwaye ba ma yi.

'Yata ce ke karatu a wata jami'a a can, a wani gari da ba Barlin ba. Da na je duba ta a watan Oktoba, sai ta ce mini, "Baba, kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana koya wa yara taron Barlin, ai bai kamata ka koma gida ba ka taka garin ba." Muka hau jirgin ƙasa ranar Alhamis da yamma, muka baro garin Litinin da safe. Kwana uku cur ke nan muka samu.

Bari in fara da abin da zai amfani wanda zai bi sawuna. Jiragen cikin gari, na ƙarƙashin ƙasa da na sama, ba su da shinge, ba su da mai tsaron ƙofa. Amma in ka sayi tikitin takarda, sai ka cusa shi cikin wani ɗan akwati da ke tsaye a tasha ya buga masa hatimin lokaci kafin ka shiga. In ba ka yi haka ba, masu bincike, waɗanda sau da yawa cikin kayan gida suke shigowa, za su ci ka tarar yuro 60, kuma cewa kai baƙo ne ba ta fid da kai. Wata dattijuwa ce ta ga tikitina a hannu babu hatimi, ta taɓa ni a kafaɗa, ta nuna mini akwatin da lemarta. Ba mu ji yaren juna ba, amma na gode mata har zuciya. Sai kuma hanyar masu keke da aka ja a gefen ta masu ƙafa, kada ka tsaya a kai. Ranar Lahadi kusan duk kantuna a rufe suke, ranar Litinin kuma yawancin gidajen tarihi ne ke hutu. Wanda ke son hawa ƙubbar gilashin da ke saman majalisar dokoki, ginin da suke kira Reichstag, kyauta ne, sai dai dole ya yi rajista tun da wuri ya kuma zo da fasfonsa. Mu mun makara, daga waje muka kalle ta. Kuma akwai bas mai lamba 100 da ke ratsa tsakiyar gari daga tashar gidan namun daji zuwa dandalin Alexanderplatz. Da kuɗin tikiti ɗaya za ka ga rabin abin da motocin 'yan yawon buɗe ido ke cajin mutane a kai.

Juma'a da sassafe muka isa Ƙofar Brandenburg. An gama gina ta a 1791, a samanta akwai karusa da dawakai huɗu waɗanda Napoleon, sarkin Faransa, ya kwashe zuwa Faris a 1806, aka dawo da su a 1814. Wannan ya tsaya mini a rai daga baya, don ya nuna Jamusawa sun san zafin a ɗauke maka abin gado a kai wani gari. Wurin cike yake da jama'a, kowa waya a sama. Na ji muryoyin 'yan Afirka ta Yamma har kashi biyu, na yi murna, muka gaisa da wasu. Na tambayi ɗaya ko sun je Titin Wilhelm, inda aka yi taron Barlin. Ya ce me ake sayarwa a can?

Daga ƙofar, in ka yi kudu kaɗan, za ka tarar da filin tunawa da Yahudawan Turai da gwamnatin Hitler ta hallaka, mutum kusan miliyan 6. Ginshiƙan kankare ne launin toka guda 2,711, an buɗe wurin a 2005. Daga baki kamar kaburbura ne gajeru, za ka iya zama a kai. Kana shiga ƙasa na gangarawa da kai, su kuma suna ƙara tsawo, har su shanye ka, hayaniyar motoci ta ɗauke, ka daina ganin wanda kuka shigo tare. Na kira 'yata sau biyu kafin ta ɓullo ta wani lungu. Babu rubutu a jikinsu, babu mai yi maka bayani, amma na fito jikina a sanyaye. Ƙasar da ta aikata wannan ta'asa ita ce ta ware fili mai girman haka a tsakiyar babban birninta, dab da majalisarta, don kada 'ya'yanta su manta. Wannan abin a yaba ne, kuma ba na son kowa ya karanta abin da zan faɗa a gaba ya ɗauka ina ƙyashin wannan fili. Ko kusa.

Na lura da wani abu game da Barlin: gari ne da ake karanta shi da sunkuyar da kai. A kan titi akwai layi biyu na duwatsu da aka jera, suna bin inda katangar da ta raba garin gabas da yamma ta bi, su ratsa kwalta, su shige ƙarƙashin gini, su fito ta ɗaya gefen. A ƙofar gidaje kuma akwai 'yan ƙananan faranta na tagulla, kowanne bai fi tafin hannu ba, an dasa su cikin daɓe. A kan kowanne an rubuta cewa wane ya zauna a nan, ga shekarar haihuwarsa, ga ranar da aka kama shi, ga inda aka kashe shi. Wani mai zane, Gunter Demnig, shi ya fara dasa su a shekarun 1990, yanzu sun haura dubu 100 a faɗin Turai. A ƙofar wani gida kusa da masaukinmu na ƙirga huɗu a jere, sunan iyali ɗaya. Na durƙusa na sa tabarau. Na ƙarshen, da na yi lissafi tsakanin shekarun biyu, yarinya ce da ba ta kai goma ba. Wani ya goge su har suna ƙyalli, an kuma ajiye fure ɗaya a gefe. Mutanen gidan na yanzu suna shiga suna fita da kekunan jarirai ta kansu kowace safiya.

Haka kuma a dandalin Bebel, daura da Jami'ar Humboldt. A nan ne ɗalibai masu goyon bayan Hitler suka ƙone littattafai kimanin dubu 20 a daren 10 ga Mayu, 1933. Ba a gina hasumiya ba. Gilashi ne a ƙasa, in ka leƙa sai ka ga ɗaki fari fat a ƙarƙashin ƙafarka, kantocin ajiye littattafai kewaye da shi, duk wayam. A matsayina na malami, wannan ɗaki ya fi ba ni tsoro a kan tankar yaƙi, don waɗanda suka kunna wutar ba jahilai ba ne, 'yan jami'a ne.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Daga Ƙofar Brandenburg zuwa gida mai lamba 92 a Titin Wilhelm, tafiyar minti goma ce a ƙafa, ko ga mai ciwon gwiwa irina. Za ka wuce ofishin jakadancin Ingila, ka ci gaba kudu, sai ka shiga wata unguwa ta benaye masu kama da juna waɗanda gwamnatin Jamus ta Gabas ta gina a ƙarshen zamaninta. A wajen nan fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin taron, take a da, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ci ta. A cikin wannan fada ne wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamba, 1884, zuwa 26 ga Fabrairu, 1885, suna shawara a kan Afirka. Har da Amurka da Daular Usmaniyya a cikinsu. Ba a gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba, ba sarki, ba malami, ba attajiri.

Sau biyu muka wuce wurin ba mu gan shi ba. Sai da 'yata ta duba taswirar wayarta ta ce, "Baba, ai mun bar shi a baya." Allo ne guda ɗaya a tsaye a gefen hanya, tsawonsa bai fi mutum da kaɗan ba. An rubuta bayani da Jamusanci da Ingilishi da Faransanci. An kafa shi a 2005, shekara 120 bayan taron, kuma 'yan Afirka mazauna garin da abokansu ne suka yi ta fafutuka har aka sa shi. Na tsaya a gabansa wajen rabin awa. A cikin wannan lokaci wani mai kare ya wuce, wata mata ta jingina kekenta a kusa da shi ta shiga kanti, ayarin 'yan yawon buɗe ido ya zo da jagoransu mai ɗaga tuta, suka karkata zuwa filin ajiye motocin da ke saman ramin da Hitler ya kashe kansa. Babu wanda ya tsaya tare da mu.

Akwai gyara da nake so in yi, don ni ma na sha faɗa wa ɗalibaina abin a gajarce. Ana cewa a Barlin aka shimfiɗa taswira aka yanka Afirka kamar nama. Gaskiyar ta fi haka zurfi. Abin da aka yi a wannan ɗaki shi ne kafa dokar wawaso: duk ƙasar Turai da ta kama wani yanki a gaɓar teku sai ta sanar da sauran, ta kuma nuna tana da iko na zahiri a wurin. Aka amince wa Sarki Leopold na Beljiyam da Kwango, abin da ya jawo mutuwar mutanen da Allah kaɗai ya san adadinsu. Aka yi dokar zirga-zirga a kogin Kwara, aka bar wa Ingila kula da ƙasansa, Faransa kuma samansa. George Goldie, ɗan kasuwar Ingila mai kamfani a kogin Kwara, yana garin a lokacin yana ba wakilan Ingila shawara, shekara ɗaya bayan nan kamfaninsa ya sami takardar izinin sarauniyar Ingila ta mulkin yankin. Iyakokin kansu daga baya aka ja su, ƙasa biyu-biyu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, aka yi ta gyara shi har farkon ƙarni na 20, layin da ya bar Maraɗi a gefe guda, Katsina a ɗaya gefen. A 1893 Ingila da Jamus suka ja nasu, suka bar Yola a hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasar Adamawa a hannun Jamusawa, Dikwa ma ta faɗa ɓangarensu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin iyaka da fasfo a hannu don zuwa jana'izar kawunsa, to ya sani tushen wannan layi yana nan, a gefen titin da mai kare ke wucewa.

Na yi shekaru ina rubuta 1884 a allon aji. Ban taɓa zaton ranar da zan tsaya a wurin hawaye za su zo mini ba, amma sun zo. 'Yata ta yi shiru, ta riƙe mini jaka.

Daga nan muka nufi masallaci don sallar Juma'a. Masallacin Shehitlik yana kan titin Columbiadamm, ginin Turkawa ne mai ƙubba da hasumiya biyu, a harabarsa akwai maƙabartar Musulmi da ta samo asali tun 1866. Turkawa sun fara zuwa Jamus da yawa ne bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, yau jikokinsu ne ke cika sahu, tare da Larabawa da 'yan Afirka da Jamusawan da suka musulunta. Wanda ke tsoron abin da zai ci, hankalinsa ya kwanta. A unguwannin Kreuzberg da Neukölln abincin halal a kowace kusurwa yake. Sai dai ya yi tambaya kafin ya sayi tsiran nan nasu mai jan miya da ake yayi, don galibi naman alade ne. A bayan masallacin akwai tsohon filin jirgin sama na Tempelhof, inda jiragen Amurka suka yi ta sauke gawayi da gari a 1948 da 1949 lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacin garin. An rufe shi a 2008, kuma a 2014 mutanen gari suka jefa ƙuri'a suka ce ba su yarda a yi gini a kansa ba. Yanzu yara ne ke tuƙa keke a kan titin da jirage ke tashi.

Da la'asar na roƙi 'yata ta kai ni wata maƙabartar Kirista kusa da tashar Mehringdamm. Ta yi mamaki. Na ce mata wani baƙonmu zan gaisar. Heinrich Barth ke kwance a can, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim. An haife shi a Hambog a 1821, ya rasu a Barlin a 1865. Ya shiga Kano a 1851, ya je Kukawa, ya je Yola, ya je Sakkwato da Gwandu, ya kai har Timbuktu a 1853. Ya koyi Hausa da Barbarci, ya zauna da malamai ya kwafi littattafansu, kuma ya rubuta mu a matsayin mutane masu tarihi da sarauta da fatauci, a zamanin da 'yan uwansa da yawa ke cewa ba mu da ko ɗaya. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugun nan, yaro Bahaushe da aka taɓa bautarwa, ya ba da labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Turai da harshen Hausa, aka rubuta. Ke nan labarin tafiya Turai da Hausa ba yau aka fara shi ba, ya haura shekara 160. Mun sha yawo tsakanin kaburbura, ganyaye sun zube sun rufe hanya, kafin mu ga sunan. Ban manta ba cewa ilimin da irinsu Barth suka tara ya zama fitila ga masu zuwa da bindiga daga baya. Amma shi da takarda da tawada ya zo, ya ci abincinmu, ya faɗi alherinmu, ni kuma na ga ya cancanci Bahaushe ɗaya ya tsaya a kansa.

Asabar gaba ɗaya a Humboldt Forum da tsibirin gidajen tarihi muka yi ta. Humboldt Forum tsohuwar fadar sarakunan Prusiya, masarautar da Barlin ke hedkwatarta a da, ce da aka rushe a 1950, aka sake gina kamanninta, aka buɗe wa jama'a a 2021, aka zuba kayan Afirka da Asiya da sauran sassan duniya a ciki. A nan na ga tagullar masarautar Benin ta Najeriya da idona. Sojojin Ingila ne suka wawashe su a 1897, aka yi gwanjonsu, gidan tarihin Barlin ya saya har sama da 500. A 2022 Jamus ta mayar wa Najeriya mallakarsu, a watan Disamba na shekarar ministar harkokin wajenta ta kai kashin farko Abuja da hannunta. Waɗanda ake nunawa yanzu a Barlin aro ne, kuma an rubuta haka a jikin bango. Na daɗe a gaban wani kan sarki da aka zuba da tagulla, murjani jere a wuyansa har haɓa, kowane ƙwaya an fitar da shi daban. Maƙerin da ya yi wannan, da kakin zuma da yumɓu da wuta ya yi shi.

Abin da ya fi riƙe ni kuwa shi ne karagar Sarkin Bamum, Njoya, daga Kamaru. An lulluɓe ta da duwatsun ado masu launi da wuri tun daga sama har ƙasa, mutum biyu tsaye a bayanta, wasu biyu riƙe da bindiga a wajen matakin ƙafa. An ce kyauta ce ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a 1908. Na tsaya ina tunani: sarkin da sojojin wani ke zaune a ƙasarsa, in ya miƙa kujerar ubansa, kyauta za a kira wannan? Njoya ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu nasu na kansu. A ɗakin nan na ga 'yan makarantar Jamus zaune a ƙasa, malamarsu na yi musu bayani, suna ɗaga hannu. Baƙar fata kuwa, in ka cire ni da 'yata da wani mai gadi, ban ga ko ɗaya ba a awa ukun da muka yi. Wataƙila ranar ce haka. Amma ranar nan ɗin da yamma, a titin kantuna na Kurfürstendamm, sai da na gaji da amsa sallama.

Ban hana kowa sayayya ba, Edita. Ni ma na sayo wa jikoki takalma. Amma yaya za a yi mu riƙa kuka a jarida cewa an sace mana kayan tarihi, sannan in Allah ya kai mu garin da kayan suke, mu kasa ba su awa biyu? Masu gidajen tarihin nan suna ƙirga masu shigowa, suna karanta abin da baƙi suka rubuta a littafin ƙofa. In ba su ga masu kaya suna zuwa suna tambaya ba, me zai sa su gaggauta? Zuwa da kai ya fi aike.

A gidan tarihi na Neues na ga kan Nefertiti, sarauniyar Masar, wanda aka tono a 1912, Masar kuma ta daɗe tana neman a mayar mata. An hana ɗaukar hoto a ɗakinta, shi ya sa mutane ke kallonta da idanunsu. Gidan Pergamon, inda kayan tarihin Musulunci suke, an rufe shi tun 2023 saboda gyara, don haka mai niyyar zuwa ya bincika tukun.

Ranar Lahadi da safe muka je Titin Bernauer, inda aka bar wani yanki na katangar yadda take, da hasumiyar masu gadi da filin mutuwa a tsakiya, inda ake harbin masu ƙoƙarin tserewa daga gabas zuwa yamma. An fara gina katangar a 13 ga Agusta, 1961, ta faɗi a 9 ga Nuwamba, 1989, tsawonta kimanin kilomita 155, kuma aƙalla mutum 140 sun rasa ransu a kanta. A wannan titi gidajen suna gabas, amma daɓen ƙofarsu yana yamma, don haka a kwanakin farko mutane ta taga suke dirowa. Wata mata, Ida Siekmann, haka ta diro ta mutu, kwana tara da fara ginin. A 1964 mutum 57 suka tsere ta wani rami da ɗalibai suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata coci da ta faɗa tsakiyar shingen, gwamnatin gabas ta tarwatsa ta da nakiya a 1985. Da aka tashi gina wata a gurbinta, sai aka yi ta da ƙasa, aka cakuɗa da ɓaraguzan tsohuwar. Na shafa bangon da hannuna, ana ganin gutsattsarin jan bulo a ciki. Jamusawa sun yi shekara 28 da katanga tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa, har yau suna jin zafinta, suna kawo 'ya'yansu su gani. Layin da aka ja mana ya haura shekara 130 kuma yana nan daram.

Da yamma muka hau jirgi zuwa unguwar Wedding, inda akwai wani yanki da ake kira Unguwar Afirka. Titin Togo, Titin Kamaru, Titin Zanzibar, Titin Kwango: sunaye ne da aka raɗa tun zamanin da Jamus ke alfahari da mulkin mallaka. A nan na sami abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya. Wani dandali da ke ɗauke da sunan Gustav Nachtigal, mutumin da ya kai wa Shehu Umar na Borno kyautar Sarkin Prusiya a 1870, daga baya kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, an canza masa suna a Disamba 2022. Yanzu sunan Manga Bell yake ɗauke da shi, iyalin sarkin Duwala ta Kamaru da Jamusawa suka rataye a 1914 saboda ya ƙi a ƙwace wa mutanensa ƙasa. Titin da ke da sunan Lüderitz, ɗan kasuwar da ya buɗe wa Jamusawa ƙofar mallakar Namibiya, shi ma ya koma na Cornelius Fredericks, jagoran mutanen Nama da ya yaƙe su a Namibiya, ƙasar da Jamus ta amsa a 2021 cewa abin da ta yi a can tsakanin 1904 da 1908 kisan ƙare dangi ne. Wannan canji bai faɗo daga sama ba. Shekaru aka yi ana taro, ana rubuta koke, ana zuwa kotu, wasu mazauna unguwar na adawa. 'Yan tsirarun mutane ne suka nace, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan ƙasar da 'yan Afirka mazauna can. Na tsaya ƙarƙashin sabon allon titin ina karanta sunan da ƙarfi, wani dattijo da ke jiran bas ya gyaɗa mini kai.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne in wakilinku ko wani marubucinku zai sake ba mu labarin Barlin, ko Landan, ko Faris, ko Brasels, a tambaye shi ko ya nemi inda sawunmu yake a garin. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da jami'an da ke zuwa taro kuma, duk wanda ya sami ko da yini ɗaya ne a Barlin, ya sauka a tashar Brandenburger Tor, ya yi hotonsa a ƙofar, sannan ya juyo ya bi Titin Wilhelm kudu yana duba lambobin gidaje har ya kai 92. Ba a biyan ko sisi, ba a rufewa ranar Lahadi ko Litinin. Hoto ɗaya na wanke daga duk tafiyar, wanda 'yata ta ɗauke ni a gefen allon nan, na kai wa shugaban makarantar da na koyar ya manna a ajin da nake shiga.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, mai karanta ku a kullum.